Jar Taraktar Nevzat

A filin Konya, inda ido ke gajiya kafin ya ga tudu,
can mahaifina Nevzat ya yi shekara saba'in da huɗu.
Alkama ya gada, da sha'ir, da rijiya mai ruwan zartsi.
Amma in ka tambaye shi abin da ya mallaka,
rumfar kwano zai nuna maka da haɓa.

A ciki take. Ja ce, da tsatsa a gefen hanci,
ta girme ni da shekara shida.
Bijimai biyu ya sayar, da awarwaron Inna,
ya biya rabi, rabi sai bayan girbi uku.
Wata guda Inna Zekiye ba ta sa masa sukari a shayi ba.
Ya sha abinsa da ɗaci, yana leƙen rumfa ta taga.

Kunne gare shi.
Yana kan dadduma zai ji inji ya wuce a hanya,
ya sallame, ya ce, "Yau Durmuş a gona zai kwana,
famfon mansa na tari."
Kafin lisha sai ga ɗan Durmuş a ƙofa,
yana neman Baba, yana neman igiya.

In hunturu ya shigo, ƙanƙara ta binne kunyoyi,
maza na gidan shayi suna buga karta,
shi yana rumfa, ya baje hanjinta a tsohon bargo,
kowane noti ya san ramin da ya fito.
Ni ce mai riƙon fitila.
"Sifana sha uku." In miƙa.
"Ba wannan ba, Nurten, barci kike?"
Da asuba ya tura kaskon garwashi ƙarƙashin cikinta
har man ya saki jiki.
Hannunsa bai taɓa fita ba.
Ko ranar Idi akwai baƙin mai a gindin farcensa.

Sanyi na ja da baya, shamuwa su dawo kan hasumiya,
su sauko su bi garmarsa suna tsintar tsutsa.
Yakan rage gudu dominsu.

Da yayyena suka yi kuɗi a Jamus,
suka aiko masa da sabuwa, mai ɗakin gilashi da rediyo.
Ya kai ta ƙarshen gona ya dawo, ya sauko yana kakkaɓe wando.
"Allah ya yi musu albarka," ya ce,
"amma a cikinta ba na jin ƙasa."
Durmuş ne ya more ta.

Ya rasu ranar Talata, ƙanƙara na narkewa.
Hanyar maƙabarta ta zama kunu,
motar gawa ta kafe tun a bakin gada.
Yayyena suka shiga rumfa da takalman birni,
suka murɗa makulli har batir ya fara nishi.
Ta ƙi.
Na ajiye butar shayin baƙi, na ɗauki sha uku,
na ƙwanƙwasa inda yake ƙwanƙwasawa, sau biyu, a hankali.
Ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta amsa.

Ni na ja shi a tirela, a giya ta ɗaya.
Liman bai ce komai ba.
Da na waiwaya, tarakta goma sha tara ke bina,
fitilu a kunne da rana tsaka,
Durmuş a gaba, yana share ido da hula.

Yanzu makullin na rataye a ƙusar da ya kafa.
Duk Juma'a nakan tayar da ita ta ɗan yi ɗumi.
Kujerar ta lotsa daidai zamansa, ta yi mini yawa,
sai na sa matashi.
Inna, wadda ta rantse ba za ta taɓa hawa ba,
jiya na iske ta a rumfa da tsumma,
tana goge mata fitila.